Sunan da Adda Ba Ta Faɗa

"Ke, uba nawa gare ki?"

Saudatu ta ɗago kai. Malam Kalilu bai dube ta ba, takardunta yake duba. Ya jera guda huɗu a kan tebur, ya danne kowacce da ɗan dutse saboda iskar da ke shigowa ta taga. Tsohon malamin Faransanci ne, mutumin Madawa da ya zauna Sabon Birni shekara talatin, kuma duk yankin shi kaɗai ke da rajistar fassara takardu.

"Ɗaya, Malam."

"Takardunki sun ce biyu."

Ya ɗora yatsa a kan ta farko. Takardar haihuwa: uba Usmanu, uwa Inno. Takardun makaranta biyu: Saudatu Usmanu. Ya matsa kan ta huɗu, takardar aure da kotu ta bayar: Saudatu ɗiyar Illo da Habi.

"Baffa Usmanu wan mahaifina ne," in ji ta. "Shi ya riƙe ni a Isa tun daga yaye. Ni ce ta fari."

"Na gane. Ni ma gwaggona ta riƙe ni. Amma Baturen da zai karanta wanga abu bai san riƙo ba. Mata biyu zai gani, ɗaya ta yi makaranta, ɗaya ta yi aure."

"To Malam, in ka zo fassarar, ba za ka iya sa suna guda ba?"

Sai a lokacin ya dube ta ta saman tabarau.

"Abin da ke rubuce shi nika juyawa, ɗiyata. Ba ni ƙari, ba ni ragi."

Ya faɗa mata hanya. Takardar rantsuwa a kotu. Baffa Usmanu ya rantse cewa riƙo ya yi, ba haihuwa ba. Ɗaya daga cikin iyayen da suka haife ta ya tsaya gaban rajistara, ya faɗi sunanta da bakinsa, ya ce shi ya haife ta. Daga nan a kai Abuja, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatimi, a dawo masa ya fassara, sannan ofishin jakadanci.

"Yaushe ce ranarki a ofishin jakadancin?"

"Sha tara ga wata."

"Yau shida. Ina mahaifin naki?"

"Ya yi kudu da shanu tun da rijiyoyi suka ƙafe. Wata huɗu ba mu ji daga gare shi ba."

"To saura uwar."

Saudatu ta tattara takardun ta mayar cikin ambulan. Sai da ta gwada sau biyu kafin ta huɗun ta shiga.

Shekara huɗu ke nan da ɗaura aurenta da Malami, ɗan manoman Gatawa. Wata uku suka yi a ɗaki ɗaya ya tafi Beljiyam karatun aikin gona, ya gama, ya sami aiki a wata cibiyar binciken iri. Sau biyu ya zo gida. Yanzu yana neman izinin zama na dindindin, kuma lauyarsa ta ce a haɗa da takardun matarsa a wannan karon. In ranar ta wuce, sai a sake layi daga farko, kuma ba ta yi alkawarin ƙasa da shekara biyu ba.

Washegari ta je shagon buga takardu da ke bakin kasuwar Isa don ta yi kwafi. Mai shagon Na'Allah ne. Shekara biyu ya yi yana zuwa zance ƙofar gidan Baffa kafin Malami ya bayyana, kuma har yau bai daina gaishe ta da murya biyu ba.

Ya ɗora takardun a inji, yana karanta kowacce kafin ya rufe murfin.

"Matar Turawa. Ashe uba biyu gare ki?"

"Kwafi na zo yi."

"Wannan ai aikin minti goma ne. In sake buga miki ta auren, in sa Usmanu inda Illo yake. Hatimi ma akwai wanda na sani. Ba wanda zai gane."

"Ni za ni gane."

"Ke dai har yanzu kina nan da taurin kanki." Ya miƙo mata takardun. "Wanda ya ajiye ki shekara huɗu kamar buhun iri, shi kike wa wannan wahala? Da wani ne, da yanzu kina goyon na biyu."

Ta karɓa ta fita. Ba ta lura cewa inji ya fitar da kwafi biyu na kowacce ba.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, wayarta ta yi ƙara tana wanke tukwane a tsakar gidan Baffa. Ta goge hannu ta shiga ɗaki.

"Fillo," in ji Malami. "Kin je wajen Adda?" Mahaifiyarta yake nufi.

"Ban je ba tukuna."

"Mi kike jira? Kwana goma suka rage."

"Bagobiri, ba ka san abin da kake cewa in roƙa ba."

"Ki ɗauko ta a mota, ta faɗi suna, ta dangwala yatsa. Minti biyar."

"Shekara ashirin da shida ba ta faɗe shi ba. Ni ce ta fari, kuma sunan uwar mijinta aka sa mini. Ko wata Saudatun ce ta zo sayen nono, cewa take mai sunan tsohuwa."

"Wannan al'ada ce, Sauda. Nan doka ake magana."

"Ni ina nan inda al'adar take."

Tana jin ƙarar wani abu a bayansa, kamar jirgin ƙasa yana tsayawa.

"Inna ta kira ni jiya," ya ce a hankali. "An kai mata wata takarda har gida. Magana ta cika Gatawa, wai ba a san... wai takardunki ba su yarda da juna ba a kan mahaifinki."

"To?"

"Ni dai tambaya nike. Akwai abin da ban sani ba?"

Saudatu ta dubi bangon ɗakin. Akwai hotonsu na ranar aure, shi da hula ta yi masa yawa.

"Ka zauna gaban mahaifina a ruga," ta ce. "Ka sha nonon shanunsa. Ya ba ka ni."

"Sauda, ba haka nike nufi ba..."

Ta katse, ta kashe wayar gaba ɗaya, ta sa ta ƙarƙashin katifa. Da safe ta ɗauki ambulan da mayafi ta hau motar Sabon Birni, daga can ta hau babur zuwa Tsamaye.

Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana bunni, bai fidda kai ba. A gonakin bakin hanya kara ne tsaye, gajere, ba zangarniya, wasu ma an tumɓuke shi tun da ɗanyensa an ba dabbobi. Rugar da ta sani da bukka goma sha ɗaya saura uku. A bakin ta ƙarshe ta tarar da shanu biyu kwance, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. An bar su ne don ba za su iya tafiyar kudu ba.

Adda tana rijiya. Haka Saudatu ke kiran mahaifiyarta tun tana ƙarama, kamar yadda ake kiran babbar yaya. Igiyar gugan an ɗaura mata ƙari har sau uku, kuma abin da ke fitowa rabi ruwa ne rabi laka.

"'Yar Isa," in ji Adda, idonta a kan igiya. "Lafiya?"

"Lafiya lau. Kawo in ja."

Sai da suka cika tulu biyu suka shayar da shanun sannan Saudatu ta yi bayani. Ta yi shi dalla-dalla, yadda Malam Kalilu ya yi mata. Adda tana saurare tana tsince tsakuwa daga cikin ɗan geron da ke faifai.

"Ku rubuta abinku, in dangwala."

"Sai kin faɗa da baki, Adda. Gaban rajistara."

"Baffanki ya faɗa."

"Zai faɗi nasa. Naki ake so."

"Gaban maza? Gaban wan mijina?" Ta girgiza faifan. "Ki jira mai shanu ya dawo."

"Sai damina zai dawo."

"To sai damina."

"In na jira, shekara biyu ce, ko fiye."

Adda ta tashi ta hura wuta.

Saudatu ba ta faɗa mata maganar Gatawa ba. Ta kwana uku a rugar. Da asuba su tafi rijiya kafin layi ya yi tsawo, da hantsi su sassaɓo ganyen gawo, da yamma su sake komawa rijiya. Kowace safiya tana cire kwana ɗaya a ranta. Tara. Takwas. Bakwai. Ta lissafa hanya: kwana ɗaya kotu, ɗaya zuwa Abuja, biyu a ma'aikata in an yi sa'a, ɗaya dawowa, ɗaya fassara, ɗaya komawa. Bakwai cif. In gobe ba a shiga kotu ba, magana ta ƙare.

Ran nan da hantsi amalanken jaki ya tsaya bakin rugar, an lafta masa dammunan harawa. Wata dattijuwa mai jiki ta sauko tana dafa gwiwa. Saudatu ta gane ta tun kafin ta juyo. Tani ce, mahaifiyar Malami, wadda ba ta taɓa taka rugar ba ko ranar ɗaurin aure.

Saudatu ta durƙusa. "Inna, sannu da hanya."

"Tashi, tashi. Ina wayarki? Wancan na Turai ya hana ni sakat. Kwana uku, safe da rana da yamma. Har maƙwabta sun san ƙarar wayata."

Adda ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya. Tani ta duba ruwan, ta sha duk da haka.

"Habi, ni ba ni iya kwana-kwana. Aurenga ban so shi ba, kowa ya sani. Shanunku sun taɓa cinye mana wake, ban manta ba. Amma abin da ake faɗi a garinmu ƙarya ne, kuma ni na fara ɗaukarsa na kai wa yaro a waya. Wannan laifina ne."

Adda ta dubi Saudatu, sannan ta dubi Tani. "Mi ake faɗi?"

"Ba ta gaya miki ba?" Tani ta ajiye ƙwaryar. "Wani mai shago a Isa ya aiko da takarda. Ana cewa yarinyar ba a san ubanta ba. Wai shi ya sa aka kai ta birni tun tana zane, aka liƙa wa Usmanu."

Hannun Adda ya tsaya a kan gefen tabarma.

"Wa ya ce?"

"Wa bai ce ba? A wajen niƙa, a rijiya, a gidan suna. Na zauna na yi tunani, na ce to ni nawa na farin fa? Shi ma kakarsa ta riƙe shi. Har yau ban kama sunansa ba, ko a waya. Da shi aka ce wa haka, da na ci kasuwar Gatawa da baki."

Ɗaya daga cikin shanun ta miƙe da ƙyar, ta nufi amalanken tana shinshina.

"Harawar nan ta awakina ce," in ji Tani. "Na Turai ya ce in kawo. Ya ce in ba wanda zai kula da shanu, ba za ki tafi ba. To ga ni. Ku nuna mini rijiyar."

"Ke za ki shayar da shanu?" in ji Adda.

"Na shayar da 'ya'ya bakwai. Waɗannan biyu ne, kuma ba su da bakin rashin kunya."

Adda ta tashi ta shiga bukka. Ta daɗe. Da ta fito, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi wanda take zuwa biki da shi. Ba ta kalli kowa ba.

"'Yar Isa, motar ƙarfe nawa take tashi?"

Washegari ƙarfe goma suna zaune a kan benci a barandar kotu a Isa. Baffa Usmanu ya zo da babbar riga da katin shaidarsa, ya zauna can ƙarshen bencin, ya ba matar ƙanen nasa baya don ya rage mata nauyi. Mutum shida ne a gabansu. Rajistara yana tashi ƙarfe ɗaya ranar, don Juma'a ce. Saudatu tana duban agogon bango, tana duban ƙofa. Adda ta rufe rabin fuskarta da mayafi, tafin ƙafarta ɗaya a kan ɗaya.

Sha biyu da kwata aka kira su.

Rajistaran matashi ne, ba ɗan yankin ba, da alama sabon zuwa. Ya karanta takardar da aka buga, ya sa Baffa ya rantse. Baffa ya yi nasa cikin minti biyu: shi ya riƙe ta, shi ya sa ta makaranta, shi ya cika takardar haihuwa da sunansa don a lokacin bai ga bambanci ba, amma ƙanensa Illo ne ya haife ta. Ya sa hannu ya koma bakin ƙofa ya juya fuska waje.

"Mama, matso. Sunanki?"

"Habi."

"Kin san wannan?"

"Na san ta."

"Wace ce?"

"'Yar wajen wancan ce da ya fita. Ya riƙe ta."

Rajistaran ya ajiye biro. "Mama, ba abin da aka rubuta nan ke nan ba. Ke kika haife ta ko ba ke ba?"

Adda ta sunkuyar da kai. "Haka ne."

"Haka ne me?"

"Abin da ka ce."

"Ni ba na rantsuwa a madadin kowa. Ki ce ke kika haife ta, ki faɗi sunanta da na ubanta. In ba za ki iya ba, akwai mutane a waje."

Saudatu ta dubi agogo. Sha biyu da rabi. Ta buɗe baki za ta roƙe shi, sai ta dubi Adda, ta fasa.

"Adda," ta ce ƙasa-ƙasa, "in ba ki iyawa, mu tafi. Za ni jira damina."

Da gaske take. Ta kai hannu za ta ɗauki ambulan daga kan tebur.

Adda ta riƙe mata wuyan hannu. Tafinta kaushi ne, igiyar guga ta cinye shi. Ba ta saki ba.

"Ni na haife ta," ta ce wa teburin. "A rugar Tsamaye, ranar Laraba, ana girbin gero. Ubanta mai gidana ne, ɗan'uwan wancan. Ba ta da wani uba."

"Sunansa?"

"Illo."

"Sunanta?"

Leɓen Adda ya motsa. Saudatu, da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da ita, ta ji. Rajistaran bai ji ba.

"Ɗaga murya, Mama."

Adda ta ɗago kai. Ba rajistaran ta duba ba.

"Saudatu."

Ya tura mata tawada ta dangwala babban yatsa, ya buga hatimi, ya sa hannu, ya kira na gaba. A bakin ƙofa Baffa Usmanu yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba.

A tasha Adda ta ƙi zama cin abinci. Ta ce Bagobirar nan za ta kashe mata shanu da ruwa ko da surutu. Ta shiga motar Sabon Birni ta zauna ta can ciki, ta ja mayafi. Har motar ta tashi ba ta leƙo ba.

Saudatu ta biya gidan Baffa ta ɗauki jaka da waya, ta dawo ta sami kujerar baya a motar Sakkwato. Saura fasinja biyu mota ta cika. Ta kunna wayar. Saƙo ashirin da uku. Ba ta kai ga buɗe na farko ba kira ya shigo.

"Sauda."

"Ina ji."

"Kina ina?"

"Cikin motar Sakkwato. Gobe Abuja."

Ta ji ya saki numfashi. "Ta faɗa?"

"Ta faɗa."

"Yaya... yaya ta yi?"

"Sau biyu. Rajistara bai ji na farkon ba." Ta gyara ambulan a cinyarta. "Ni na ji duka biyun."



"Abin da na tambaye ki ran nan," ya ce, "tun kafin in rufe baki na san ban kyauta ba. Tsoro ne ya kama ni, Fillo. Na ga kwanaki suna tafiya, na ga za ni sake shekara biyu a ɗakin nan ni kaɗai. Ba hujja ba ce. Ki yafe mini."

"Innarka tana can tana jan guga."

"Ta kira ni. Ta ce saniya ɗaya ta take mata ƙafa, kuma a kaina za ta rama."

Saudatu ta yi dariya, gajera, ta toshe baki da mayafi don mutumin da ke gefenta ya juyo.

"Har yanzu da saura," ta ce. "Gobe Asabar, ma'aikata sai Litinin. Ban sa Lahadi cikin lissafi ba. In suka riƙe ni kwana biyu, ko kwana guda ba zai rage wa Malam Kalilu ba. In mota ta lalace a hanya..."

"Za ki kai. In ma ba ki kai ba, za ni zo da kaina mu sake layi tare. Na gaya wa lauyar." Ya dakata. "Ba ki amsa mini ba, abar ƙaunata."

Fasinja na ƙarshe ya shigo da buhu, aka rufe ƙofa. Direba ya tada inji.

"Ban yafe ba tukuna, Bagobiri," in ji ta. "Wannan ba ta waya ba ce. Ka bari in zo, ka maimaita ina kallonka."